Uwa ɗaya, uba ɗaya, sikila ɗaya: me ya sa ciwon ya bambanta?

Tambaya: Likita, ina da 'ya'ya biyu masu sikila, uwa ɗaya uba ɗaya, gwaji ya nuna dukansu SS ne. Babbar mai shekara tara kusan duk bayan wata biyu sai mun kwana asibiti da ita, ƙaninta mai shekara shida kuwa sau ɗaya ya taɓa kwanciya. Idan cuta ɗaya ce, me ya raba su? Sannan na ji a rediyo an samo maganin da ke warkar da sikila gaba ɗaya a ƙasar waje. Ina da gona, ina tunanin sayarwa in kai yarinyar. Me za ka ce?

Amsa: Malam, Allah ya ba yara lafiya, ya saka maka da ladan jinya kai da mahaifiyarsu. Maganar gona in fara da ita don hankalinka ya kwanta: kada ka sayar tukuna. Dalilin zai fito, amma sai mun bi ta tambayarka ta farko, domin amsoshin biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Abin da aka koya mana a makaranta gajere ne. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai sinadarin himoglobin mai ɗaukar iskar oksijin. Mai sikila ya gaji himoglobin da aka canja masa tubali ɗaya tak, na shida a jerin sarƙar da ake kira beta. James Herrick ne ya fara bayyana ƙwayoyin masu kama da lauje a Shikago a 1910, a jinin wani ɗalibin likitan haƙori ɗan tsibirin Girenada. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa aibin a jikin himoglobin yake, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin tubalin a Kambirij wajen 1957. Daga nan labarin ya zama: ƙwaya ta lanƙwashe, ta toshe jijiya, ciwo ya tashi. Gaskiya ne, amma da a nan maganar ta tsaya, da 'ya'yanka biyu sun yi ciwo iri ɗaya, tunda tubalin da ya canja a jikinsu ɗaya ne. Binciken shekaru arba'in da suka wuce kusan duk a kan wannan giɓin aka yi shi.

Mu fara da lanƙwasar kanta, don akwai abu a cikinta da yawancin mutane ba su sani ba. Idan himoglobin na sikila ya sauke oksijin ɗinsa, sai ya fara liƙewa da 'yan'uwansa suna yin dogayen zaruruwa masu tauri, su ne ke miƙe ƙwayar su murɗe ta. Amma ba nan take hakan ke faruwa ba. William Eaton da James Hofrichter sun nuna a 1974 cewa akwai ɗan jinkiri kafin zaruruwan su fara haɗuwa, kuma tsawon jinkirin ya dogara ƙwarai da kaurin himoglobin a cikin ƙwayar. Ka tuna matar da ke tuƙa tuwo: talge yana nan ruwa-ruwa, ta ƙara gari kaɗan, kafin ka ankara ya ɗaure. Haka abin yake, ƙarin kauri kaɗan yana gajarta jinkirin ninki-ba-ninki. Ita kuwa ƙwayar jini abin da take buƙata ta ratsa siririyar jijiya bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Idan ta fita zuwa babbar jijiya kafin tuwon ya ɗaure, ta tsira, ta koma huhu ta ɗauki iska, zaruruwan su narke. Saboda haka mafi yawan ƙwayoyin jinin mai sikila suna kai gari lafiya a kowane zagaye. Tsere ne tsakanin saurin wucewa da saurin ɗaurewa. Wannan ne ya sa muke ta nanata shan ruwa, musamman a zafin bazara, kuma shi ya sa sanyin hunturu da dukan ruwan sama ke tayar da ciwo: ƙishirwa tana ƙara kauri, sanyi yana matse jijiya ya rage gudun jini. Da iyayenmu suka kira shi amosani ko sanyin ƙashi, abin da suka gani da idonsu suka faɗa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: me ke tsayar da ƙwayar a hanya har lokaci ya ƙure mata? A nan ne binciken ya bar cikin ƙwayar jini ya koma bangon jijiya. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta masu laushi, sumul kamar daɓen da aka goge, don jini ya zame a kai. A 1980 Robert Hebbel na Jami'ar Minesota ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin mai sikila suna manne wa wannan shimfiɗa, kuma waɗanda ƙwayoyinsu suka fi danƙo su suka fi shan wahala. Bayan shekara ashirin da biyu, a 2002, ɗakin binciken Paul Frenette a Niyok ya leƙa cikin jijiyoyin ɓeraye masu sikila suna raye, ta madubin ƙara girma, aka ga abin da ya ba kowa mamaki. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin garkuwar jiki, su ne ke fara liƙewa a bango, musamman waɗanda ake kira nutrofil. Sun fi jajayen girma da tauri. Idan suka tsaya, sai su riƙa cafke jajayen da ke wucewa. Duk wanda ya san lungunan kasuwar Kurmi ya san yadda abin yake: jaki ɗaya ya kwanta a lungu, masu kaya su taru a bayansa, kowa ya tsaya cik. Jajayen da suka tsaya su sauke iskarsu, lokacin jinkiri ya cika, su lanƙwashe a wurin. Ke nan sau da yawa toshewar ce ke jawo lanƙwasa, ba lanƙwasa kaɗai ke jawo toshewa ba.

To me ya fusata bangon jijiya da sojojin tun farko? Babban mai laifi shi ne fashewar jajayen ƙwayoyin. Ta mai lafiya tana kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, wasu kuma a cikin jijiyar suke fashewa su zubar da abin cikinsu. Jiki yana da masu shara guda biyu, haptoglobin da himopeksin, amma a jikin mai sikila shara ta fi ƙarfinsu, kullum a ƙare suke. Himoglobin da ya zube yana cinye wata iska da bangon jijiya ke fitarwa mai suna naitirik oksaid, wadda aikinta ta sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ta kuma hana ƙwayoyin daskarar da jini taruwa. Gano aikin wannan iska ne ya jawo wa mutum uku kyautar Nobel a 1998, kuma a 2002 Mark Gladwin da abokansa suka nuna yadda ake asararta a jinin masu sikila. Sannan akwai ɗan guntun da ke riƙe ƙarfe a tsakiyar himoglobin, ana ce masa hem. Idan ya ɓalle shi kaɗai, yana taɓa wata ƙararrawa a jikin bango mai suna TLR4, wadda asalin aikinta jin ƙanshin ƙwayoyin cuta. John Belcher da Gregory Vercellotti sun nuna haka a ɓeraye a 2014. Ƙararrawa ta kaɗa, bango ya fito da wasu ƙugiyoyi da ake kira P-selektin cikin mintuna kaɗan, nutrofil su maƙale, har wasu su amayar da zaren cikinsu kamar koma don kama abokin gaban da babu shi. Jiki yana yaƙi, alhali ba a kawo hari ba. Wannan ne masana ke nufi da kumburi a sikila, ba kumburin da ido ke gani ba, wuta ce da ke ci a ƙarƙashin toka ko da yaro yana wasa lafiya lau. Idan ka duba takardar gwajin jinin 'yarka a ranar da take garau, mai yiwuwa ka tarar fararen ƙwayoyinta sun haura na sauran yara, kuma an daɗe da lura cewa masu yawan fararen sun fi fuskantar matsala.

Abin takaici, duk da wannan zafin garkuwar, yaron ba shi da kariya inda ya fi buƙata. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta masu kwanso irin na nimoniya, tana toshewa a kai a kai tun yaro yana jariri har ta daina aiki, galibi kafin shekara biyar. Shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai sha farasitamol ya tashi, mai sikila zai iya kai shi kabari cikin kwana ɗaya. Binciken da Marilyn Gaston ta jagoranta a Amurka a 1986 ya nuna fenisilin na kullum ya rage wannan mummunar cuta da kashi 84 cikin ɗari a ƙananan yara. Magani ne mai araha, kuma har gobe yana cikin abubuwan da suka fi ceton rai a tarihin cutar.

Da aka fahimci duk wannan, sai kowa ya ɗauka magani ya zo hannu: tunda mun san ƙugiyar, mu karya ta, tunda mun san iskar da ta ƙare, mu mayar da ita. Ba a nan gizo ke saƙar ba. An gwada sildenafil, wanda ke ƙarfafa aikin naitirik oksaid, a masu sikila da hawan jinin huhu, aka tsayar da gwajin a 2009 saboda ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu. An gwada shaƙar iskar kanta lokacin da ciwo ya tashi, ba ta gajarta shi ba. An yi senikapok mai hana ƙwayar jini bushewa, jini ya ƙaru a takarda, ciwo bai ragu ba. Sai krizanlizumab, mai sunan kasuwa Adakveo, wanda aka ƙera musamman don ya rufe P-selektin. Gwajin da aka wallafa a 2017 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan kashi 45 cikin ɗari, Amurka ta ba shi lasisi a Nuwamban 2019, muka yi ta murna a tarurruka. Babban gwajin da ya biyo baya bai ga bambanci tsakaninsa da ruwan allurar da babu magani a ciki ba, Tarayyar Turai ta janye lasisinsa a 2023. Wanda ya fi ciwo shi ne bokselotor, wato Oxbryta, mai sa himoglobin ya riƙe iska don kada ya ɗaure. Shi ma a 2019 ya samu lasisi, bisa hujjar cewa yana ƙara yawan jini. A Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga duniya baki ɗaya, bayan bayanai sun nuna alamun ƙarin tashin ciwo da mace-mace a cikin masu shansa.

Ni a ganina darasi biyu ne a nan, kuma ina faɗa wa ɗalibaina su. Na farko, lamba ta gyaru a takardar gwaji ba shi ne mutum ya samu sauƙi ba. Jinin mai sikila idan ya ƙaru ba tare da ƙwayoyin sun gyaru ba, kauri yake ƙarawa. Na biyu, toshewar jijiya ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Ka rufe P-selektin, akwai wasu ƙugiyoyin, akwai ƙwayoyin daskarar da jini, akwai hem. Ɓera kuma ba mutum ba ne, ballantana yaron da ke fama da maleriya da ƙarancin abinci a kan sikilarsa.

Ba a daina nema ba. Ɓangaren da ake sa wa ido yanzu shi ne yadda jar ƙwaya ke sarrafa sukari don samun ƙarfi. A kan hanyar tana samar da wani sinadari, 2,3-BPG, mai tura himoglobin ya saki iska da wuri, kuma a masu sikila yana da yawa, wanda hakan ke gaggauta ɗaurewa. Magunguna irin su mitapibat da etabopibat suna zaburar da wani sinadarin aiki a ƙarshen hanyar, sai 2,3-BPG ya ragu, ƙarfin ƙwayar ya ƙaru. Dabarar tana da kyau, amma bayan abin da muka gani, ni sai na ga ciwo ya ragu a jikin mutane kafin in yi guɗa. Akwai kuma garin glutamin, Endari, da Amurka ta amince da shi a 2017, amfaninsa matsakaici ne, Turai ba ta ba shi lasisi ba. Tunda muna maganar sarrafa abinci, ga abin da zai amfane ka a gida: jikin mai sikila yana ƙona abinci fiye da na sa'anninsa ko yana kwance, domin ɓargo yana aiki ba dare ba rana, zuciya tana bugu da ƙarfi don cike giɓin jini. Ramar da jinkirin girma daga nan suke. A ƙara musu wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale, gwargwadon hali. Mu ma nan gida an taɓa yin yunƙuri: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ƙaramin gwaji ya nuna alamar rage ciwo, sai dai mutanen da aka gwada ba su kai ɗari ba, kuma ba a yi babban gwajin da zai yanke hukunci ba. Wannan ba izini ba ne na dafa kayan yaji a ɗura wa yaro.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko. A 1948 wata likitar yara a Buruklin, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa ciwo a watannin farko, ta ce dalili shi ne himoglobin ɗin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ake kira HbF. Wannan himoglobin ba ya shiga cikin zaruruwan, yana tsinka talgen ne, ya tsawaita jinkirin nan da muka yi magana. Bayan haihuwa jiki yana kashe shi a hankali ya kunna na manya, shi ya sa kumburin hannu da ƙafa ke fara bayyana wajen wata shida. Amma ba kowa ake kashe wa daidai ba. Wani mai sikila ya rage da kashi biyu ko uku cikin ɗari, wani sha biyar ko ashirin. Masu sikila na gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya suna da HbF mai yawa, cutarsu tana zuwa da sauƙi a yarinta. Irin da ya fi yawa a Najeriya ba shi da wannan gatan. Kuma adadin da mutum zai rage da shi yana bin wasu ƙwayoyin gado ne dabam da na sikila, waɗanda wa da ƙani za su iya gada ba iri ɗaya ba, kamar yadda ɗaya zai ɗauko hasken uwa ɗaya ya ɗauko tsawon uba. Mafi ƙarfinsu ita ce BCL11A, wadda binciken gado ya nuna a 2007 da 2008, sannan Vijay Sankaran da Stuart Orkin na Boston suka tabbatar a 2008 cewa ita ce makunnin da ke kashe HbF.

Abu na biyu da ke raba 'yan'uwa shi ne wani gado mai suna alfa talasimiya, wanda kusan ɗaya cikin uku na masu sikila 'yan asalin Afirka ke ɗauke da shi. Yana rage kaurin himoglobin a ƙwaya, fashewa ta ragu, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ragu, amma ba lallai ciwon ƙashi ya ragu ba, wani lokaci ma ƙaruwa yake. Daga nan ne wasu masana suka ce cutar fuska biyu gare ta: masu yawan fashewar jini, waɗanda suka fi samun gyambon ƙafa da hawan jinin huhu da miƙewar gaba mai ciwo, da kuma masu jini mai kauri, waɗanda suka fi samun ciwon ƙashi da na ƙirji da lalacewar ƙugu. An yi ta jayayya a kan wannan rabon, kuma marasa lafiya da yawa suna tsakiya, amma yana da amfani wajen tuna mana cewa yawan kuka ba shi ne ma'aunin ɓarna ba. Zan dawo kan wannan saboda ɗanka. Abin da nake zato, idan aka auna HbF na yaran biyu, na yaron zai fi. Gwajin ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa da na'urar HPLC.

Idan ka riƙe maganar HbF, sauran bayanin mai sauƙi ne, domin magungunan da suka yi aiki na haƙiƙa ta nan suka bi. Haidroksiyuriya tsohon magani ne, ana shan sa sau ɗaya a rana. Gwajin da Samuel Charache ya jagoranta, wanda aka wallafa a 1995, ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi a manya, har aka tsayar da gwajin da wuri don kowa ya samu. Yana ɗaga HbF, amma ba nan ya tsaya ba: yana rage yawan nutrofil, yana rage danƙon jajayen ƙwayoyi, yana ƙara musu ruwa. Wato yana taɓa ƙofofi da yawa a lokaci guda, abin da sababbin magunguna masu tsada suka kasa. An daɗe ana tsoron ba shi a Afirka, ana cewa zai raunana garkuwa a ƙasar maleriya. Gwajin REACH da aka yi kan yara kimanin 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, aka wallafa a 2019, ya nuna akasin haka: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, maleriyar ma ta ragu da kusan rabi.

Wani gwajin a ƙofar gidanmu aka yi shi. Ba tare da rigakafi ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS zai samu shanyewar ɓarin jiki kafin shekara ashirin. Tun 1998 Robert Adams ya nuna cewa na'urar TCD, mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta gefen kai, tana gano yaran da ke cikin haɗari, kuma ƙarin jini duk wata yana kare su da sama da kashi 90 cikin ɗari. Amma ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, wa zai iya a nan? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Banderbilt, suka gwada haidroksiyuriya a madadinsa kan yara 220 da ke cikin haɗari, a gwajin SPRING da aka wallafa a 2022 da sunan Shehu Abdullahi a gaba. An kwatanta miligiram 10 da miligiram 20 a kowane kilo na nauyin yaro. Shanyewar jiki ta yi ƙaranci a duka rukunin biyu, masu shan 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Wannan bincike ne da duniya ke ambato, kuma 'ya'yan Kano da Kaduna ne suka ba da amsar.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Sai da gwajin jini lokaci-lokaci, don yana iya sauke ƙwayoyin jini fiye da kima. Yana rage yawan maniyyi a wasu maza, ana kuma dakatar da shi idan ana neman ciki ko an samu. Farce na iya yin duhu. Iyaye da yawa suna karanta takardar cikin kwali su ga an rubuta maganin ciwon daji ne, wato kansa, su jefar. Na taɓa ganin uwar da ta ɓoye wata uku ba ta ba ɗanta ba saboda wani mai kemis ya tsorata ta. Bibiyar da aka yi ta shekaru masu yawa ba ta nuna yana jawo wa masu sikila ciwon daji ba. Wani abin lura ga likitanku: yawancinmu 'yan Afirka ta Yamma muna da nutrofil ƙasa da na Turawa a jini tun asali, saboda wani gado da ake kira rashin Duffy, don haka bai kamata a yi saurin tsayar da magani da ma'aunin da aka ɗauko daga wata ƙasa ba.

Maganin da ka ji a rediyo shi ne Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a 8 ga Disamban 2023, kuma shi ne magani na farko da aka yi da almakashin gado na CRISPR, wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu Nobel a kansa a 2020. Abin sha'awa, bai gyara tubalin sikila ba ko kaɗan. Makunnin BCL11A yake lalatawa a cikin uwayen ƙwayoyin jini, HbF ya dawo kamar na jariri, ya kai kashi 40 cikin ɗari ko fiye. Cikin mutum 31 da hukumar Amurka ta duba, 29 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Victoria Gray, wadda aka fara yi wa a 2019, ta fito duniya ta ba da labarinta. Abin da Janet Watson ta hango a 1948 ne ya tabbata bayan shekara saba'in da biyar.

Amma ba allura ba ce da za a yi a dawo gida. Ana kwashe watanni ana ƙarin jini, a tatso uwayen ƙwayoyin daga jiki, wani lokaci sau biyu ko uku, a aika ɗakin sarrafawa, sannan a ba mutum wani magani mai ƙarfi, busulfan, ya shafe ɓargonsa kaf, a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a keɓe ba shi da garkuwa. Busulfan yana iya hana haihuwa har abada, abin da ba ƙarami ba ne ga yarinya. Lasisin da aka ba shi a 2023 na masu shekara 12 zuwa sama ne. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ban da kuɗin asibiti. A canjin naira 1,500 ya haura naira biliyan uku. Ɗan'uwansa Lyfgenia dala miliyan 3.1 ne. Ka ga ba maganar gona ba ce, ko ta gari guda. A 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka suka yi alkawarin dala miliyan 200, na sikila da ƙanjamau a haɗe, don neman hanyar da za a yi gyaran a cikin jiki da allura, ba tare da shafe ɓargo ba. Idan aka dace da wannan, shi ne zai iso Najeriya, ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a shekara. Da sauran rina a kaba.

Warakar da ta fi kusa da hannu ita ce dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini wanda ɓargonsu ya dace. A yara, sama da tara cikin goma suna warkewa, kuma mai AS zai iya bayarwa. Damar kowane ɗan'uwa ya dace ɗaya ce cikin huɗu. An fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, wasu kuma suna fita Indiya. Yana da haɗarinsa, har da na rai da na haihuwa, don haka ana ajiye shi ga wanda cutar ta matsa wa duk da an yi masa abin da ya kamata. Ba ka ambaci cewa 'yarka tana shan haidroksiyuriya ba. Yarinyar da ke kwanciya sau shida a shekara, wannan ne matakin farko, a asibitin masu sikila, da awo da bibiya, a ba shi wata shida zuwa shekara a gani. Idan an yi haka da gaske bai wadatar ba, kuma akwai wa ko ƙanwa mai lafiya da ya dace, a lokacin ne maganar dashe da ta gona za ta taso.

Shi kuma yaron, kada shirunsa ya ruɗe ku. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda ba sa kuka idan suna lalacewa, kuma kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS suna samun ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba sai dai karatu ya fara ja da baya. A kai su duka biyun a yi musu TCD, kuma a riƙa maimaitawa duk shekara har su kai sha shida. A duba fitsarinsu, a tabbatar allurar rigakafin nimoniya ta cika, su kwana cikin gidan sauro, a ci gaba da folik asid da maganin kariyar maleriya yadda likitansu ya tsara. Duk ranar da jikin ɗayansu ya yi zafi ya kai 38.5, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki ko da na minti biyar ne ya dawo, asibiti za a nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.